Tambayoyinku: In mayar da waɗanda suka fita daga imel ɗina ko in goge su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, atamfa da leshi nake sayarwa kuma da Mailchimp nake tura wa kwastomomina imel in sabbin kaya sun iso, to kwanan nan na duba sai na ga wasu an rubuta musu Unsubscribed wasu Cleaned, ga kuɗin wata sai hauhawa yake alhali ba kowa ke samun saƙona ba. Don Allah in mayar da su ciki ne ko in goge su kawai? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Don Allah kar ki mayar da su, gogewar ma ki dakata tukuna.

Wanda aka rubuta wa Unsubscribed shi da kansa ya danna cewa ya gaji da saƙon, kuma haƙƙinsa ne, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar janye amincewarsa duk lokacin da ya ga dama. Mailchimp ma ba zai bari ki cusa shi da hannunki ba, sai in shi ne ya sake cike fom ɗinki. Masu dabarar shigar da mutum ta bayan fage wallahi kansu suke cuta, don in ya ga saƙon ya dawo sai ya kai ƙara cewa sifam ne, wato saƙon da bai nema ba, Gmail kuma tun Fabrairun 2024 ya gindaya cewa irin wannan ƙorafin kar ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, in ya kai to har kwastomominki na amana sai su daina ganin saƙonki a akwatinsu.

Cleaned kuwa adireshin ne ba ya aiki, ko an rufe shi ko an yi kuskuren rubutu irin gmial a maimakon gmail. Waɗannan ba a cajinki a kansu. In kin san mai shi ki tuntuɓe ta a WhatsApp ta ba ki daidai.

Maganar kuɗi kuma, Mailchimp yana lissafa waɗanda suka fita ɗin nan cikin adadin mutanenki da ake cajinki a kai, duk da ba kya tura musu komai, haka ma waɗanda suka sayi kaya amma ba su taɓa amincewa a riƙa tura musu talla ba. Ki zaɓe su ki danna Archive, zai ɗauke su daga lissafi ya adana bayanansu kamar dilar da aka kai sito, ranar da kike buƙata ki fito da ita. Gogewa ta dindindin ki bar ta sai ga wanda ya ce a share bayanansa gaba ɗaya, don in kika yi ta ba za ki iya sake loda adireshin da kanki ba. Ki riƙa yin wannan sharar kwana biyu ko uku kafin ranar da suke cire kuɗin wata.