Ciniki ya ƙaru a Kanada, amma riba ta yi wuya

Malam, ka tambaya ko kasuwar tabar wiwi ta bunƙasa a Kanada tun da aka halatta ta ranar 17 ga Oktoba, 2018. Ciniki kam ya ƙaru ƙwarai, musamman bayan 2019 da doka ta amince da alawa da abin sha masu ɗauke da sinadarinta, ko da yake busasshen ganyen ne aka fi saya. Sai dai kamfanoni sun noma fiye da buƙata, farashi ya faɗi, haraji kuma ya yi musu nauyi, har kamfanin wiwi na Canopy Growth ya rufe wasu gonakinsa ya sallami ma'aikata. Abin da ya fi damuna shi ne yara da ke cin alawar nan bisa kuskure.