Filin Tambaya da Amsa: Yaya ake amfani da "put forward"?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma ina yawan cin karo da "put forward" a jaridun Turanci. Na rubuta "He putted forward it at the meeting", sai malaminmu ya ja masa layi da jan biro. Ina kuskurena yake? Kuma mene ne bambancinsa da "put across"? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ma'anar "put forward" ita ce mutum ya gabatar da shawara, ko ra'ayi, ko sunan wani, domin a duba a tattauna, a karɓa ko a ƙi. Abin da aka gabatar bai zama hukunci ba tukuna. Shi ya sa kalmomin da suka fi biyo shi su ne "proposal", "idea", "plan", "argument" da "theory". Misali: "Alfred Wegener put forward his theory in 1912." Wato a shekarar ce wannan masanin Bajamushe ya gabatar da ra'ayinsa cewa nahiyoyin duniya suna motsi, kuma sai bayan shekaru da dama masana suka yarda da shi.

Kurakurai biyu ne a jimlarki. Na farko, aikatau "put" ba ya sauya siffa a shuɗaɗɗen lokaci, ba a ƙara masa "-ed". Jiya "put", yau "put", bayan "has" ko "was" ma "put".

Na biyu shi ne wanda ya fi kayar da ɗalibai, don haka ki natsu. Idan karɓau, wato abin da aka gabatar, suna ne, kina da zaɓi biyu, duka daidai: "He put forward a plan" ko "He put a plan forward". Amma idan wakilin suna ne, kamar "it", "them", "him" ko "her", dole ya shiga tsakiya. Saboda haka jimlarki za ta koma "He put it forward at the meeting." Idan kuma karɓan dogo ne, kada ki raba kalmomin biyu, don mai karatu zai manta da "put" kafin ya isa ga "forward". Sai ki ce "They put forward a plan to repair all the roads in the town."

Ana amfani da shi ga mutane ma. "She put herself forward for the post" na nufin ta miƙa kanta a matsayin mai neman muƙamin.

Shi kuwa "put across" fahimtarwa ce. Mutum zai iya gabatar da shawara mai kyau amma ya kasa isar da ita yadda masu sauraro za su gane: "He put forward a good idea, but he didn't put it across well." "Bring up" kuma tayar da magana ne kawai, ko da babu shawara a ciki, yayin da "come up with" ke nufin ƙirƙiro dabarar tun kafin a faɗa wa kowa.

Ki kuma lura da wata ma'ana dabam. A Ingila, ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris ana tura agogo gaba da awa 1, sai su ce "put the clocks forward". Idan kin ga an haɗa shi da agogo, babu ruwansa da shawara.