Littafin gudummawa da kwamfutarki

Ɗiyata,

Na ga saƙonki. Kin ce bayan bikin yayarki kin kwashe abin da ke littafin gudummawa kin zuba a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, har kin yi zanen sanduna mai nuna wa ta fi bayarwa, wa ke biye da ita, kina tambaya ko al'ada ta yarda ki tura shi zauren WhatsApp na dangi don kowa ya ga an riƙe amana. Rubutun dai ki ci gaba da shi, Allah ya yi miki albarka. Zanen nan kuwa kada ya bar kwamfutarki.

Rubuta gudummawa tsohon abu ne a gidanmu. Duk bikin da kika je za ki ga wata zaune kusa da uwar biki da littafi da biro. Kakarku a ka take riƙewa, in abin ya yi yawa ta kira almajiri ya rubuta mata da ajami. Dalili shi ne biki bashi ne. In na kai wa ƙawata dubu biyu ranar sunan jikarta, ranar nawa sai ta zo da dubu huɗu, haka ake ta ninkawa har ya yi nauyi, a karya shi a koma ƙasa. Wadda ta manta abin da aka kawo mata ita ce za ta ji kunya a gidan wata. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Na yi aikin akawu shekara da shekaru, daga babban littafin lissafi zuwa tsohuwar manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3, kafin Excel ya zo ya ture shi, saboda haka bari in gyara miki jadawalin. Kowace gudummawa layinta daban: kwanan wata, suna, dangantaka, irin bikin. Kuɗi su sami gidansu, kaya su sami nasu. In kika rubuta "dubu biyar da turmin atamfa" a gida ɗaya, SUM, umarnin da ke haɗa jimla a Excel, zai tsallake shi ba tare da ya gaya miki ba, domin rubutu yake gani, sai jimla ta fito da giɓi. Sunan mutum kuma iri ɗaya za ki riƙa rubuta shi. In yau kin sa Hajiya gobe kin sa Haj., kwamfuta mata biyu za ta ƙirga. Shekara kuwa ita ce ran abin. A 1995 naira hamsin ce takardar kuɗi mafi girma a Najeriya, ta ɗari sai a 1999, ta dubu sai a 2005. Wadda ta ba mamanki ɗari biyar a 1995, takarda goma ta manyan kuɗi ta ƙirga mata. In kika jera ta da masu dubu goma na bana ba shekara a gefe, kin zalunce ta.

To, zanen. Ki sake dubansa, ki ga sandar wa ce ta fi gajarta. Na tabbata ta matar kawunki ce, wadda takabarta ba ta daɗe da ƙarewa ba, da kuɗin ƙosanta ta zo. Sannan ina sandar waɗanda suka kwana uku a gidan suna gyaran shinkafa, suna tuƙin tuwo, suna wanke-wanke har hannu ya yi fari? Ba su da ita, don ba a rubuta gumi a littafi, alhali da su biki ya tashi. Zanen da ya jera mutane daga babba zuwa ƙarami, ko ba ki yi nufi ba, gori ne ga wasu, tonon asiri ga wasu. A Suratul Baƙara dai, aya ta 264, an hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma ladabin nan ya shafi kyauta tsakanin 'yan'uwa.

Za ki ce ai maroƙa suna shelanta abin da aka bayar a bainar jama'a. Gaskiya ne. Amma mai bayarwa ce ta zaɓi ta miƙa a gabansu, kuma murya iska ke tafiya da ita. Hoto yana nan a waya, gobe ya kai gidan surukai.

Abin da za ki iya nuna wa dangi shi ne shafi ɗaya na taƙaitawa, ba suna ko ɗaya: nawa ya shigo, nawa ya tafi a abinci, nawa a kayan ɗaki, nawa a hayar rumfa da kujeru, nawa ya rage. A nan ki yi zanenki yadda kike so, zai ma taimaki masu biki a gaba su san inda kuɗi ke zurarewa. Ki tura shi a hoto ko PDF. Kada ki tura fayil ɗin kansa kina cewa kin ɓoye shafin sunaye, duk yaron da ya san Excel zai buɗe shi nan take. Kafin ma ki tura, ki nuna wa mamanki, littafin nata ne, ita za ta rama bashin.

Ranar Asabar ki taho da kwamfutar. Littattafan bikin babanki da na baffanninki suna cikin adakata, ɗaya ruwa ya taɓa shi, sai mun zauna na karanta miki sunayen kina shigarwa. Ki gaida mamanki.

Gwaggonki