Tambayoyinku: Kilim ɗin da ke sanyaya ɗaki, ta kuma ɗumama shi

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maradi, kwamfuta huɗu da firinta. Da bazara kwamfutocin kan mutu da kansu saboda zafi. An nuna mini wata kilim, aka ce tana sanyaya ɗaki, da hunturu kuma ta ɗumama shi. Gaskiya ne, ko zaƙin bakin mai sayarwa ne?

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, Alhaji. Kilim jigilar zafi take yi. Gas ɗin da ke yawo cikin bututunta yana kwashe zafin ɗaki, kwampireso, wato injin da ke matsa gas, ya matsa shi, akwatinta da ake kafawa a waje ya watsar da zafin. Shi ne hucin nan da kake ji in ka gitta ta bayan akwatin. Wadda aka nuna maka tana da bawul mai juya hanyar gas, sai ta koma ɗebo zafi daga iskar waje tana zubawa ciki, shi ya sa ake ce mata famfon zafi. Tunda ɗauko zafin take yi, kilowat 1 na kuran kan ba da kimanin kilowat 3 na ɗumi, alhali hita mai waya ɗaya take ci, ɗaya take bayarwa. A Norwe da Finlan, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, gidaje masu yawa da ita suke ɗumi.

Amma nan Maradi muke. Sanyinmu na Disamba da Janairu 'yan makonni ne, kuma kwamfuta ba ta ƙin sanyi. A gidan da ke da tsoho ko jinjiri ɗumin yana da amfani, ya fi a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wanda hayaƙinsa ke kisa. Kai kuwa Afrilu da Mayu za ka saya wa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Duba takardar da ke jikin akwatin waje. In an rubuta T1, an ƙera ta ne don zafin da bai wuce digiri 43 ba. T3 tana jurewa har 52. Wannan harafi da lamba sun fi sunan kamfani muhimmanci a wurina. Sannan ka nemi mai inbata, wadda ke rage gudun kwampireso in ɗaki ya yi sanyi maimakon ta mutu ta sake tashi, za ka ga bambanci a kuɗin wuta. Ka faɗa wa mai haɗawa yawan injinanka kafin ya zaɓi girmanta, don kowace kwamfuta zafi take fitarwa. Ka bar ta a digiri 25 ko 26, ya ishe su.

Tambaya: Tawa ana sarrafa ta da waya, amma ta ƙi haɗuwa da intanet ɗin gida.

Amsa: Hajiya, yawancin irin waɗannan kilim layin Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke kamawa. Mai da wayarki kan shi daga na 5 GHz, ki sake haɗawa.

Tambaya: Tawa ta rage sanyi, mai gyara ya ce a ƙara gas. Bara ma an ƙara.

Amsa: Wannan yana ci mini rai, ɗan'uwa, don kuɗin mutane na tafiya a banza. Gas ɗin kilim ba ya ƙarewa kamar man babur, zagayawa yake yi a rufe. In ya ragu, akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗar bututu, kuma sai an toshe wurin kafin a zuba sabo, irin wanda aka rubuta a jikinta, R32 ko R410A. Kafin ma ka kira kowa, buɗe murfin gaba ka zaro ragar tace ƙura. Ƙurar hunturu kan toshe ta har iska ta kasa wucewa. Wanke ta da ruwa duk mako biyu, ta bushe a inuwa, a wanke akwatin waje ma kafin bazara. In an ɗauke wuta aka maido, jira minti 3 kafin ka kunna.