Farashin Sabulu: A Ina Riba Take Daina Hawa?

Tambaya: Malam, ina yin sabulun wanki a gida ina kai wa masu shago. Kowace sanda tana cin naira 300 idan na haɗa kuɗin alayyadi da soda da turare da leda da ladan yarinyar da ke taya ni. A naira 500 ana ɗaukar sanda 200 a mako. Na gwada 450, aka ɗauki 220. Na gwada 550, aka ɗauki 180, kuɗin da ke shigowa ya ragu, sai na tsorata na koma 500. Ɗana da ke jami'a ya ce akwai lissafin da ke fitar da farashin da ya fi riba. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, ɗanki ya yi gaskiya, kuma komawar da kika yi kan 500 ta ci miki kuɗi. A 500 cinikinki naira 100,000 ne, riba 40,000. A 550 ciniki ya sauka zuwa 99,000, amma kowace sanda ta bar miki 250, sau 180, riba 45,000 ke nan. Kin duba abin da ya shigo jaka, ba ki duba abin da ya rage bayan an cire uwar kuɗi ba.

Lissafin da yake nufi sunansa deribatif, reshe ne na kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke canzawa, wanda masana Newton da Leibniz suka shimfiɗa a ƙarni na 17, kuma tun 1838 wani Bafaranshe mai suna Cournot ya yi amfani da shi wajen fitar da farashin da ya fi riba. Tambaya ɗaya yake amsawa: a inda nake yanzu, in na ƙara naira ɗaya a farashi, nawa riba za ta ƙaru ko ta ragu? In amsar ta haura sifili, riba tana hawa, a ci gaba da ƙari. In ta gaza sifili, riba tana gangarowa. Inda ta zama sifili daidai, nan ake neman ƙololuwa.

Ki ba ɗanki takarda ya bi ni. Alƙalumanki sun nuna duk ƙarin naira 50 yana korar sanda 20, wato 0.4 a kan kowace naira. In muka kira farashi f, yawan da ake ɗauka shi ne 400 − 0.4f. Gwada da 500, za a samu 200. Da 450, za a samu 220. Riba kuwa ita ce (f − 300) sau (400 − 0.4f). In aka ninka su, za ta zama −0.4f² + 520f − 120,000.

Sai a ɗauki deribatif. A wurin f², biyun ta sauko ta ninka 0.4, ya zama −0.8f. A wurin 520f, f ta faɗi, 520 ta tsaya. Lambar da ba ta da f ta ɓace. Abin da ya rage shi ne 520 − 0.8f.

Yanzu a zuba farashi. A 500 amsar 120 ce: kowace naira da kika ƙara tana kawo miki kusan naira 120 a mako. A 550 ta zama 80, a 600 ta zama 40. Har yanzu ana hawa, sai dai hawan yana raguwa. A 650 sifili. A 700 kuwa −40, an fara saukowa. Tun da alamar ta juya daga ƙari zuwa ragi a 650, nan ne ƙololuwa: sanda 140, kowace da ribar 350, jimla naira 49,000. Wannan duban gefe da gefe ba ɓata lokaci ba ne, don sifili kaɗai ba ya nuna tudu; kwari ma yana ba da sifili. In aka sake ɗaukar deribatif a karo na biyu za a samu −0.8, kuma kasancewarsa ƙasa da sifili ya tabbatar tudu ne.

Ga abin da zai ba ki mamaki. In aka yi wannan lissafin a kan ciniki kaɗai, ba tare da cire uwar kuɗi ba, deribatif ɗin 400 − 0.8f ne, kuma yana zama sifili a 500 cif. Wato kin zauna a farashin da ya fi tara kuɗi a jaka, shi ya sa duk inda kika matsa kike ganin ciniki ya ragu. Farashin da ya fi riba yana can sama da shi, kuma a can za ki dafa sanda 140 maimakon 200, jarin mako ya sauka daga 60,000 zuwa 42,000.

Amma kada ki tashi gobe ki ce 650. Kin gwada daga 450 zuwa 550 ne kawai. Abin da ya wuce nan hasashe ne cewa masu saye za su ci gaba da raguwa a miƙe, wato sanda 20 a kan kowane ƙarin naira 50. In sabulun kamfani yana kusa da 600 a shagunan da kike kaiwa, kina ƙetare shi za su iya watsewa gaba ɗaya, lissafin ya rushe. Kuma saman tudun nan shimfiɗaɗɗe ne: a 600 riba 48,000 ce, a 700 ma 48,000. Bambancin 600 da 650 naira dubu ɗaya ne kacal, bai kai a yi kasadar rasa abokan ciniki saboda shi ba. Ni a ganina ki hau 550, ki zauna makonni uku ko huɗu, sannan 600. Ki riƙa rubuta yawan da aka ɗauka kowane mako, kuma kada ki haɗa makon Sallah da sauran makonni, don wanki yana yawa a lokacin, zai ruɗe ki. Sandunan da aka ɗauka bashi ki ware su daban har sai an biya.

Kuɗin haya ko na tukunya da mazubi ba sa motsa farashin nan. Ba sa canzawa da yawan sabulu, don haka su ne irin lambar da ke ɓacewa a deribatif; ribar kawai suke ragewa. Abin da ke motsa shi kuɗin kowace sanda ne. In alayyadi ya tashi har sanda ta koma cin 400, deribatif zai zama 560 − 0.8f, ƙololuwa ta matsa zuwa 700. Kaya ya ƙaru da 100, farashin da ya dace ya ƙaru da 50 kawai. Mai ɗora wa masu saye ƙarin gaba ɗaya, bayan yana kan ƙololuwa, zai wuce wurin. Wannan rabin yana aiki ne muddin raguwar masu saye a miƙe take kamar taki.

Ki kuma tambayi mai sayar miki da alayyadi ko ragin da yake miki ya dogara da yawan jarkar da kike ɗauka. In rage dafuwa zai sa ki rasa farashin sari, to 300 ɗin nan ba ta nan a sanda 140, sai ɗanki ya sake lissafin da sabon kuɗin kafin ki taɓa farashi.