Kuskuren Bugu ne ko Cin Ƙasa? Yadda Ake Tantance Tsabar Kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tsinci tsabar kuɗin Amurka ta santi 25 a cikin tsofaffin kaya, fuskarta ɗaya ta yi ja, kuma jikinta duk ƙananan ramuka ne. An ce mini kuskure ne daga gidan buga kuɗi, wai masu tara tsaba suna saye da tsada. Yaya zan tabbatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin batun tsada, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko injin buga kuɗi zai iya haifar da abin da kake gani. Kuskure na gaskiya yana faruwa ne a wurin yanka faifan ƙarfen da za a buga ya zama tsaba, ko a jikin hatimin da ke ɗauke da zanen, ko a lokacin da hatimin ya dira a kan faifan. Duk abin da ya sami tsabar bayan ta bar gidan bugu, sunansa lalacewa, komai ban mamakinsa.

Sikeli ne zai raba gardama a kan taka tsabar. Tun daga 1965 ana yin santi 25 da jan ƙarfe a tsakiya, a lulluɓe shi gaba da baya da gaurayen jan ƙarfe da nikel, nauyinta kuma giram 5.67 ne. Wani lokaci lulluɓin gefe ɗaya yakan ɓare tun kafin bugu, sai tsabar ta fito da jar fuska, amma irin wannan takan rasa kusan giram guda na nauyinta, jar fuskar tana da santsi, zanen kuma yakan ɗan yi rauni saboda faifan ya yi siriri. Wadda ta daɗe a cikin ƙasa mai laima ita ma takan yi ja ko ruwan ƙasa, sai dai nauyinta yana nan kusan yadda yake, idan kuma ka sa gilashin ƙara girma za ka ga fatarta ta yi kaushi, ramukan sun ci haruffa da fili ba tare da bambanci ba. Ramukan da ka ambata su ne suka sa nake kyautata zaton ƙasa ce ta ci taka, kodayake ba zan yanke hukunci ba sai an auna.

Akwai wata alama da nake so kowa ya riƙe. Idan hatimi ya tsage, ƙarfe yakan shiga tsagin, sai layin ya fito tudu a kan tsabar. Karce kuwa rami ne, da ƙarfen da aka ture a gefensa. Haka nan idan an gutsure faifan tun wurin yanka, bakin da ke ɗaya ɓangaren, mai fuskantar gutsuren, yakan fito da rauni, abin da mai yanka da almakashi ba ya iya kwaikwaya.

Kuskuren hatimi yana maimaita kansa. Santi ɗaya ta 1955 da aka buga a birnin Filadelfiya na Amurka, wadda shekararta da rubutunta suka fito biyu-biyu, dubbai ne suka fita kuma duk kamarsu ɗaya. Haka fenin 20 na Birtaniya da ya fito babu shekara a 2008, sakamakon haɗa tsohon hatimi da sabo. Tsatsa ba ta taɓa cin tsaba biyu iri ɗaya.

Ina roƙonka kada ka wanke ta da asid ko ka goge ta, domin gogewa tana zubar da darajar tsaba ko da kuskuren na gaskiya ne. Idan ka auna ka ga nauyin ya ragu sosai kuma jar fuskar lafiya take, a nan ne ya dace ka nemi kamfanonin tantance tsaba irin su PCGS ko NGC, bayan ka kwatanta kuɗin aikinsu da abin da tsabar za ta iya kawowa.