Ranar da iska ta kwashe rufin ajinmu

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce daren jiya da iska ta taso Inna ta yi maza ta watsa wa murhu ruwa, can kuma kika ji wani yana kiran salla ba a kan lokaci ba, shi ne kike tambaya ko addini ne ko camfi.

Ni ranar da na gane abin nan ina aji huɗu ne a firamare, a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Watan Mayu ne, zafi ya kai inda ya kai. Ana dab da tashi sai gabas ta yi jawur, kafin mu ankara ta koma baƙi ƙirin. Haka hadarin farkon damina yake a ƙasarmu, ƙura a gaba, ruwa a baya. Malam ya ce kowa ya shige ƙarƙashin benci ya rufe kansa da hannu. Kwanon rufi ya fara kuka, muna jin ƙusoshi suna zarewa ɗaya bayan ɗaya, sai kawai muka ga sama a kanmu. Wallahi da idona na ga fallen kwano ya datse reshen dogonyaro kamar an sa adda. Yashi ya cika mana baki, da rana tsaka ba ka ganin na kusa da kai. Cikin wannan rugugin na jiyo muryar ladanin unguwa, kukan da nake yi ya tsaya. Wasu yara biyu da suka tsere tun farko hanya ta ɓace musu, muryar nan suka bi har ƙofar masallaci.

Kiran sallar al'ada ce muka taras, kuma ba na raina ta. Amma abin da ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, addu'a ce, wadda Nana A'isha ta ruwaito: "Allahumma inni as'aluka khairaha wa khaira ma fiha wa khaira ma ursilat bihi," sannan a nemi tsari daga sharrinta. Ita malam ya yi ta maimaitawa ranar, muna amsawa. An kuma hana zagin iska, don aiko ta aka yi.

Kashe wuta kuwa babu camfi a ciki ko kaɗan. Gidajen lokacin dannin kara ne, ga ɗakunan ciyawa, ga rumbu cike da gero. Garwashi ɗaya ya isa. Da na koma gida ranar, na taras da hayaƙi a bayanmu: wata amarya ta bar tukunya bisa wuta ta ruga ɗaki, gida uku suka ƙone kafin ruwa ya sauko. Inna tana cikin masu jan guga a rijiya, shi ya sa har yau hannunta ke rawa in ta ji iska.

Zancen aljanu na biki cikin guguwa, wai in ka jefa wuƙa ta fito da jini, wannan kam tatsuniyar yara ce, kada ki gaya wa naki.

Ku da kuke girki da gas, ki rufe tukunyar gas ɗin tun hadari na gabas, ki shigo da yara daga gindin itace. In kin zo Juma'a zan rubuta miki ƙarashen addu'ar.